Dokina na ta susa, gashi na zubewa, a taimaka

Salamu alaikum ƴan uwa masu harkar dawaki, don Allah ina neman shawara daga nan Gombe. Tun da damina ta kankama dokina ya fara ƙaiƙayi, kullum yana goga jikinsa da turke da bango har gezarsa ta cinye, gindin jela ma ya zama kwal kamar an aske, a gadon baya inda sirdi ke zama kuwa wasu ɓawo ne, in ka ɓamɓare sai su taho da gashin a dunƙule.

Na duba ba kaska ba kwarkwata. Wani yace kirci ne tunda ruwa na dukansa, wani yace makero, wani dattijo kuma yace tsutsar ciki ce ke sa susar jela, na bashi maganin tsutsa na baki, sati biyu kenan ba canji. Baƙin mai da ake ta cewa in shafa kam naƙi, ina tsoron ya ƙona mai fata.

To ya ake bambance kirci da makero? In kai shi likitan dabbobi ya kankari fatar a gwada ne? Kuma buroshinsu ɗaya da goɗiyata, zata iya ɗauka?