Taƙaitawar shawarwari kan adana fastocin Star Trek

Wasu masu sha'awar shirin talabijin na Star Trek sun zauna a Katsina suka tattauna yadda ake zaɓen fastocinsa da adana su. Shirin ya fara fita a tashar NBC ta Amurka a 1966, ya tsaya a 1969 bayan ya fito kashi-kashi har 79, kuma fastocin da aka fi yabawa a zaman su ne na mai zane Juan Ortiz, wanda ya yi wa kowane kashi nasa zanen da launuka kaɗan, irin na wancan zamani.

Mafi yawan maganar ta tafi ne kan yanayinmu. An ce kada a rataye fasta inda rana take shigowa ta taga, domin ja da rawaya ne suke fara kodewa, sannan a sa ta cikin firam mai gilashi a toshe bayansa saboda ƙurar hunturu. Da damina kuwa bangon da yake jan danshi yakan sa takarda ta yi tabo, kuma ƙwarin gara ba sa barinta. Wadda ba a rataye ba a naɗe ta, kada a ninke. Wani ya kawo shawarar a lulluɓe ta da leda ta hanyar injin zafi, amma aka ƙi, kuma ina ganin sun yi daidai, tunda ledar ba ta sake ɓaruwa.

Game da ɗakin da ake salla, dattijon cikinsu ya ce a zaɓi zanen Enterprise, jirgin sararin samaniya na cikin shirin, wanda babu fuskar mutum a kansa.