Dan Allah yaya ake rage girman leya da yawa lokaci ɗaya a Photoshop?

Mai Hoto Garwa:
Assalamu alaikum yan uwa. Ina da aikin bandarol (babban ƙyallen da ake bugawa a rataye) na walimar saukar Alƙur'ani, ɗalibai 24 ne kowa da hotonsa da sunansa a ƙasa, kowane hoto da kowane suna yana kan shimfiɗarsa daban, wato leya, kenan leya 48 banda ado. Na gama jerawa tsaf sai jiya malamin makarantar yazo yace a buɗe wuri a sama a sa hotonsa da na mai unguwa, to dole in matse su duka. Na fara ragewa ɗaya bayan ɗaya wallahi wani yafi wani girma layin ma duk ya karkace, ga walima ranar Asabar ga wuta bata zama a unguwarmu. Photoshop CS6 na Faransanci nake aiki da shi. Akwai yadda zan rage su gaba ɗaya?

Kawu na Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena, kar ka wahalar da kanka. Je wajen jerin kalk ɗinka, wato leya, a hannun dama ka danna na sama, ka riƙe Maj, wanda wasu kibod ke rubuta Shift, ka danna na ƙasa, duk na tsakani zasu zaɓu. In akwai wanda baka so a ciki riƙe Ctrl ka danna shi ya fita. Sai Ctrl+T, akwati ɗaya zai kewaye su duka ka kama kusurwa ka ja. Amma tunda CS6 ne kar ka saki Maj lokacin ja, in ka saki fuskokin yaran zasu lotse, iyaye kuma basa yafe wannan. Daga CC 2019 ne suka juya abin, can ba sai ka riƙe ba. In ka haɗa da Alt zai ragu ta kowane gefe zuwa tsakiya. Kuma kar ka haɗa da na can ƙasa mai kwaɗo, shi baya motsi.

Yar Njamena:
Kawu ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara abinda ya taɓa cina. Hoto in ka rage shi ka danna Entrée ya zauna, ƙwayoyinsa sun zube kenan, gobe malam yace a ƙara girma sai kaga ya yi dishi dishi kuma a bandarol ba ya ɓuya. Rubutu babu ruwansa da wannan, hoto ne matsalar. Ni yanzu kafin in taɓa komai ina zaɓarsu duka in danna dama in mai da su obje dinamik guda ɗaya, wato leya mai adana asalinsu a ciki, in rage in ƙara yadda naga dama asalin yana nan ciki. Wani amfaninsa kuma, in ka sa musu inuwa ko zagayen baki, Ctrl+T kaɗai baya rage waɗannan, hoton zai ƙanƙance zagayen yana nan da kaurinsa, amma in suna cikin obje dinamik tare suke raguwa. In zaka gyara sunan wani ka danna sau biyu ya buɗe maka su.

Ɗan Kusiri:
Mu masu GIMP, wata manhajar gyaran hoto, fa? a 2.10 sai dai ka sa wa kowane leya alamar sarƙa ko ka zuba su a gurup ɗaya sannan ka rage. Sai a 3.0 da ta fito a Maris 2025 aka samu zaɓar da yawa da Shift.

Mai Hoto Garwa:
Allah ya saka da alheri Kawu, yaya ke ma nagode sosai. Na fara da Ctrl+T kawai sai naga zagayen zinaren ya cinye gefen hulunan yaran kamar yadda kika ce, na koma baya na yi obje dinamik, a sama wajen L da H (faɗi da tsawo) na kunna sarƙar da ke haɗa su na rubuta 80%. Wuri ya buɗu, hoton malam da na mai unguwa sun shiga. Yanzu zan kwafe a kile, wato filas, in kai wajen bugu tun wuta na nan.