Neman kalma: me za mu kira "monitoring well"?

Mai Shirin Muhalli: Salamu alaikum jama'a. Gobe da safe zan naɗi shiri kan garejin kanikawa da gidajen mai, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: monitoring well. Siririyar rijiya ce da ake haƙawa a gefen tankin mai ko inda ake zubar da baƙin mai, ba don sha ba, sai don a riƙa ɗiban ruwa ana duba ko guba ta kai ƙasa. A taimaka kafin dare.

Ɗan Fagge: Rijiyar gwaji. An gama.

Injiniyan Ruwa: Ba a gama ba, Malam. A wajenmu masu haƙar burtsatse, rijiyar gwaji ita ce wadda ake fara haƙawa a ga ko akwai ruwa. Wannan kuwa zama take yi shekara da shekaru. Bututun roba ne, yawanci inci 2, an tsattsaga ƙasansa daidai inda ruwa ya tsaya, saboda fetur a saman ruwa yake kwanciya. A zuba yashi kewaye da tsagar, a toshe sama da yumɓu da siminti, a sa murfi da kwaɗo. Kuma ba ɗaya ake yi ba: aƙalla uku, ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke gangarowa, biyu ta inda yake nufa.

Ɗan Fagge: To rijiyar sa ido.

Hajiya Mai Fassara: Ƙanena, ka ce wa mai gidan mai za a haƙa masa rijiyar sa ido, ka ga ko zai bar ku ku sauke kaya. A labarai muna cewa masu sa ido a zaɓe, amma a unguwa ɗan sa ido sunansa ɗan sa ido.

Malamin Nahawu: Duk kun bar hanya kuna bin daji. Hausa na da ginin sunan wuri: rina, marina, jima, majema, saƙa, masaƙa. Saboda haka leƙa, MALEƘA. Wurin da ake leƙa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kalma ɗaya tak, ba jan jimla.

Oga Bakanike: Allah gafarta Malam, in na ce wa yarana an haƙa maleƙa a bayan gareji, dariya za su yi har la'asar. Mu dai a faɗa mana da Hausar da muka sani. Baƙin mai da ruwan batir ne muke tuttulewa a ƙasa, ga rijiyar makwabta taku kaɗan. Shi ne abin tambaya ko?

Injiniyan Ruwa: Shi ne, Oga. Baƙin mai na ɗauke da dalma da wasu ƙarafa, fetur kuma na da sinadarin benzin mai jawo sankarar jini. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada benzin ya wuce maikrogiram 10 a litar ruwan sha. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya samu rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale da suka ninka wannan sau 900. Can bututun mai ne, amma hanyar ɗaya ce. Amurka tun 1988 ta kafa dokokin tankunan ƙarƙashin ƙasa saboda irin wannan yoyon.

Malamin Nahawu: Ga shi nan. Benzin, maikrogiram, tanki, gareji, batir. Wannan Hausa ce ko gwanjo?

Ɗan Damagaram: Mu nan ma'aikatan ruwa piyezomet suke cewa, daga Faransanci, manomi kuma ya ce foraj. Ku Kanawa kun ari Ingilishi kun kira shi daidaitacciyar Hausa, mu in mun ara sai ku ce mun ɓata harshe.

Ɗan Fagge: Ai kuwa ba wanda zai gane piyezo-wane a Ƙofar Ruwa.

Ɗan Damagaram: Kamar yadda ba a san burtsatse a Zinder ba. Kano ba ita ce iyakar Hausa ba.

Mai Shirin Muhalli: Don Allah a dawo. Isha'i ta yi.

Hajiya Mai Fassara: Ɗiyata, gwada rijiyar awo. Kowa ya san mai ciki na zuwa awo: ba ciwo ne ya kai ta ba, dubawa ake yi a kai a kai. Injiniya, ba haka abin yake ba?

Injiniyan Ruwa: Haka ne, Hajiya, galibi duk wata uku. A fara kwashe ruwan da ya kwana a bututun, sannan a cika 'yar kwalba maƙil, ko ƙwayar iska kada ta rage, a sa cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji. Amma a ce awon ruwa, kada a ɗauka awon hatsi ne.

Malamin Nahawu: Kalma uku a inda ɗaya ta isa. Ni dai maleƙa zan koyar a aji.

Mai Shirin Muhalli: Na ɗauki rijiyar awon ruwa, zan yi bayani a karon farko. Malam, zan ambaci taka sau ɗaya mu ji ta bakin masu sauraro. Saura contamination plume, wato gubar da ke malala a cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa daga inda ta zuba.

Malamin Nahawu: Mamalala.

Oga Bakanike: Sai da safenku.