Ɓarnar Ƙananan Yara: Abin da Iyaye Suka Ce

A hirar da muka yi da wasu iyaye, kusan bakin kowa ya zo ɗaya: ɗan shekara 2 ba da mugunta yake ɓarna ba. In ya kifar da kofi ya tsaya kallon ruwan yana malala, koyo yake yi. Wata uwa ta ce ta tarar da 'yarta ta damalmale fuska da bango da man shafawa, tana washe baki. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai dariya ta ƙwace mata. Ta miƙa mata tsumma, suka goge tare. Ni dai wannan ya fi kwanta mini, domin yarinyar ta koyi gyara ba cikin tsoro ba. Amma an ja kunne: a yi dariya tare da yaro, kada a yi masa, yana gane bambancin.

Yawan rigima kuwa, a duba yunwa da barci. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14, dare da rana. In rai ya ɓaci, a kwantar da jariri a gadonsa, a fita a sha iska kaɗan. Kada a kuskura a jijjiga shi da ƙarfi, hakan yana illata ƙwaƙwalwa.