Me Janet Rowley ta gano game da sankarar jini?

Malamin Kimiyya, Ringim:
Assalamu alaikum. Tun da likitoci suka ce wani ɗalibina yana da sankarar jini, mutanen ƙauyenmu suke cewa jifa ce, abin da yake damuna matuƙa. Na ji ana ambaton Janet Rowley kan tushen cutar, shin me ta gano?

Ma'aikaciyar Jinya, Bichi:
Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Marigayiya Rowley likita ce da ta yi aiki a Jami'ar Shikago ta Amurka, kuma a kan teburin cin abincin gidanta take yayyanka hotunan kuromosom (zarurrukan da suke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki) da almakashi tana jera su. A 1973 ta nuna cewa a wani nau'in cutar, kuromosom na 9 da na 22 suna musayar guntayensu, kuma tana ganin wannan musaya ce take haddasa cutar, alhali masana da yawa a lokacin suna ganin cutar ce take haddasa wannan lalacewa.

Ɗalibin Likitanci, Gumel:
Gaskiya ne, Hajiya. A ƙwayoyin ɓargo canjin yake faruwa, ba gadonsa ake yi daga iyaye ba. Wannan bincike ya share hanyar maganin imatinib, wanda Amurka ta amince da shi a 2001, sai dai ba kowane nau'i yake yi wa aiki ba, don haka a nemi likitan yaron ya fayyace nau'in da yake da shi.