Yadda ake gane tsohuwar dardumar Farisa ta hannu

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum. A kasuwarmu ta Garwa ana kawo dardumai daga Dubai, ana cewa saƙar Farisa ce ta da. Ina roƙon malamai su bayyana mini abin da ya ba waɗannan dardumai daraja a fasahar Musulunci, da kuma yadda ake bambance ta hannu da ta inji.

Malam daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Darajarsu ta kai ƙololuwa ne a zamanin daular Safawiyya da ta mulki Farisa, wato Iran ta yanzu, kuma fitacciyar cikinsu ita ce dardumar Ardabil, wadda aka kammala a shekarar 946 ta Hijira, wato 1539 zuwa 1540, lokacin sarkin daular, Shah Tahmasp. Tsawonta ya haura mita 10, an yi gindinta, wato zaren da ake ƙulla gashin a kai, da alharini, gashinta kuma da ulu, sannan akwai fitilu biyu a zanenta kamar suna rataye daga kubbar masallaci. Yanzu tana gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Hajiya daga Njamena:
Ɗana, ka juya bayanta ka duba da kyau. Idan ta hannu ce, za ka ga ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, ba su yi daidai cif ba, kuma gezar bakinta zaren gindin ne da kansa, ba ɗinka ta aka yi ba. Shuɗin tsofaffin ma da baba aka rina shi, irin na marinarmu, shi ya sa launin yakan ɗan saɓa daga wani sashe zuwa wani.