Jared Bednar: iyawa ce ko sa'ar 'yan wasa?

Auwalu: Jama'a, in faɗi ra'ayina ko da za a yi mini ca. Kocin ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Colorado Avalanche ɗin nan, Jared Bednar, yabon da ake masa ya yi yawa. Mutumin da bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NHL ba, wato babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, duk rayuwarsa ta ɗan baya a ƙananan gasanni ya yi ta. Kofin Stanley na zakarun NHL da ya ɗauka a 2022 kuwa, duk wanda aka ba taurari irin su MacKinnon da Makar da Rantanen da Landeskog zai ɗauke shi.

Malam Habu: Auwalu, ka haɗa magana biyu wuri guda. Rashin buga NHL daban, iya horarwa daban. Wayne Gretzky, wanda babu kamarsa a tarihin hokin ƙanƙara, ya horar da Phoenix Coyotes daga 2005 zuwa 2009, ko sau ɗaya bai kai su zagayen neman kofi ba. Wanda Bednar ya doke a wasan ƙarshe na 2022, Jon Cooper na Tampa Bay, lauya ne ma kafin ya zama koci, kuma kofi biyu a jere ya ɗauka kafin nan.

Auwalu: Na yarda da ta Gretzky, Malam. Amma ba ka taɓa ta 'yan wasan ba.

Anti Rabi: Bari ni in taɓa ta, ɗana. MacKinnon da Landeskog da Rantanen duk suna nan a kakar 2016-17, lokacin da Colorado ta ƙare da maki 48, ta ƙarshe a duk gasar. Kaka ta gaba suka samu 95. Makar bai zo ba tukuna, sai a 2019 ya fara buga musu. Ga shi kuma an sayar da gwaninsu Matt Duchene tun farkon kakar. To wa ya sauya su?

Auwalu: Anti, ai wannan hujjata ce! Wa ke horar da su sa'ad da suka samu maki 48 ɗin? Ba shi ba ne?

Anti Rabi: Shi ne. Amma a watan Agusta aka ɗauke shi, bayan Patrick Roy ya ajiye aiki ba zato, saura 'yan makonni a fara atisaye. An miƙa masa tukunya a kan wuta ne, ba shi ya zuba kayan miya ba.

Malam Habu: Kuma ku duba inda ya fito, don a nan ne zancen sa'a yake faɗuwa. Ɗan Yorkton ne a jihar Saskatchewan ta Kanada. Ya buga wa Huntington Blizzard, ya buga wa South Carolina Stingrays a ƙaramar gasar ECHL, ya ɗan leƙa AHL, gasar da ke bin NHL, a St. John's da Rochester. Irin 'yan bayan nan ne da aikinsu tare faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo da jiki da ture mutum ya bugi bango, in ta kama a cire safar hannu a dambace. A waɗannan gasanni ba jirgi ake hawa ba, a bas ake kwana daga gari zuwa gari. Ya ɗauki kofin Kelly na ECHL sau biyu yana ɗan wasan Stingrays, 1997 da 2001. Ya zama mataimakin koci a ƙungiyar, aka ba shi ragama a 2007, ya sake ɗaukar kofin a 2009. A 2016 ya ɗauki kofin Calder na AHL da Lake Erie Monsters, wasa biyu kacal aka ci su a duk zagayen neman kofin. Shi ne koci na farko da ya haɗa Kelly da Calder da Stanley. A South Carolina wane MacKinnon ne yake da shi?

Sadiya: Ƙari a kan na Malam: a ƙananan gasanni koci ba ya riƙe gwaninsa. Yaro na fara haskakawa babbar ƙungiya za ta kira shi sama, gobe ka tashi da baƙuwar fuska. Wanda ya ci kofi a haka ya san aikinsa.

Nura: Ni dai ina tsakiya, amma na fi karkata wajen Yaya Auwalu a abu ɗaya. Tun bayan 2022 me aka gani? Seattle Kraken, ƙungiyar da ke kakarta ta biyu a duniya, ta fitar da su a zagayen farko a 2023. Dallas ta fitar da su a 2024, ta sake a 2025. Da irin mutanen da yake da su, kofi ɗaya ya yi kaɗan.

Anti Rabi: Landeskog, kyaftin ɗinsu, ciwon gwiwa ya zaunar da shi kusan shekara uku bayan kofin. Ka sa wannan a lissafi.

Nura: Na sa, Anti. Amma a 2025 ya dawo, kuma Rantanen da suka sayar, yana buga wa Dallas, shi ya zura musu uku a wasa na bakwai, wasan raba gardama.

Auwalu: Yauwa Nura, Allah ya yi maka albarka.

Malam Habu: Kada ka yi saurin murna. Sayar da Rantanen aikin shugabannin ƙungiya ne, koci ba ya sa hannu a kwantiragi. Ka kawo mini laifin da yake nasa, na tsarin wasa ko na sauyin 'yan wasa, sai mu zauna a kai.

Auwalu: Zan nemo wasa na bakwai ɗin in sake kallo. Colorado na gaba da ci biyu a zubi na uku, na ƙarshe, Malam. Daga nan zan fara.